Asalin kalmar "schmieden" ta Jamusanci

Ka tambaya ko "schmieden", wato ƙera ƙarfe, daga kalmar duka ta samo asali, tunda maƙeri da guduma yake aiki. A'a, malam, kamannin sautinta da wata kalma mai ma'anar duka ne kawai ya ruɗi mutane.

Fi'ilin ya fito ne daga sunan mai sana'ar, "Schmied", maƙeri. A tsohon Jamusanci ana cewa "smid", aikin kuma "smidōn". 'Yan uwanta su ne "smith" ta Ingilishi da "smid" ta Holanci. Abin da ya fi burge ni shi ne, da can kalmar ba ta keɓanta da ƙarfe ba. A tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, "smiðr" duk wani gwanin aikin hannu ne, har masassaƙin itace. Shi ya sa masana da dama ke danganta ta da "smilē" ta Girkanci, wuƙar sassaƙa. Daga baya ne ma'anar ta taƙaita ga mai wuta da uwar maƙera.

Daga wannan tushe aka samu "Geschmeide", kayan ado na zinariya, da sunan dangi Schmidt, wanda Müller kaɗai ya fi shi yawa a Jamus.