Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Bihar

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatun kiwon lafiyar al'umma a Patna, babban birnin jihar Bihar ta ƙasar Indiya, kuma mahaifiyarka ta shiga damuwa saboda labarin da ta ji na cutar kala-azar. Ka kwantar mata da hankali, domin zaman birni bai cika jawo wannan cuta ba, amma tun da karatunka zai kai ka ƙauyuka, ya kamata ka san abin da ke yaɗa ta.

Wani ɗan ƙwaro ne da ake kira ƙudan yashi, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, ba ya kuka a kunne kamar sauro, kuma macen ce ke cizo daga magariba zuwa asuba. Yana ɓuya a tsagar bangon laka da garken shanu da wurare masu danshi, shi ya sa cutar ta fi addabar talakawan karkara a jihohin Bihar da Jharkhand da Bengal ta Yamma da Uttar Pradesh. Gidan sauro mai manyan ƙofofi ba ya tare shi, sai ka nemi mai magani, ka kuma riƙa sa riga mai dogon hannu da yamma.

Abin da ya fi damuna shi ne sabonmu na ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro. Kala-azar takan yi watanni a jiki kafin ta bayyana, sannan ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da rama, da ƙarancin jini, da kumburin saifa da hanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Alhali ana gano ta da ɗigon jini, kuma a nan Indiya ƙarin ruwa guda na maganin AmBisome yakan warkar da mafi yawan masu ita, kyauta a asibitocin gwamnati.

Cutar ta ragu sosai a yankin, har maƙwabciya Bangladesh ta samu shaidar shawo kanta a 2023. Duk da haka, idan zazzaɓi ya haura mako 2 bai ji magani ba, ko da ka koma gida hutu ne, ka gaya wa likita ƙauyukan da ka kwana, domin ba lallai tunaninsa ya kai can ba sai ka faɗa. Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya kawo ka lafiya.