'Yata ta fara jin kunyar fuskarta da harshenta

Tambaya: Malama, ina da 'ya mai shekara 15, tana ajin brebe, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Tun da yayanta ya aiko mata da salula daga Kwatano, ta sauya suna a TikTok, ba ta sa hoto sai ta ƙara masa hasken fata, kuma ta daina cewa "mi" da "shina" kamar yadda muke magana, wai ƙauyanci ne. Ran nan na tarar da man bilicin a ƙasan akwatinta. Shin in ƙwace wayar?
Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. A ganina kada ki fara da ƙwace wayar, domin za ta ari ta ƙawarta a lakkwal, ke kuma ki rasa hanyar sanin halin da take ciki.

Yarinya a wannan shekaru tana neman wanda zai gaya mata ko ita wace ce. A da, kaka da gwaggo da ƙawayen tsakar gida ne ke yin wannan aiki, suna yi mata kirari, suna tsokanarta, suna kiranta da sunan da ta gada. Yanzu waya ta karɓe shi, kuma da lissafi take magana: hoton da aka haskaka ya samu yabo da yawa, na ainihi ya samu kaɗan, sai yarinya ta ɗauka cewa duniya ta yanke hukunci a kan fuskarta. TikTok yana lura da bidiyon da ta daɗe tana kallo, ya riƙa turo mata irinsa, har ta zaci kowace budurwa fara ce sai ita kaɗai. Masu wannan sana'a ma sun sani, domin a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna Instagram, mallakin kamfanin, yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu.

Batun harshe ya fi taɓa ni. Hausar Kano da take kwaikwayo kyakkyawa ce, amma wadda ta sha a nono ba ta gaza ta da komai ba, Hausar Katsinawan Maradi ce, kuma wajibi ne ta ji haka daga bakinki.

Man bilicin ne abin gaggawa, tun da wasu irinsa suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi laushi ta yage, har su taɓa ƙoda. Ki ɗauke shi yau, ba tare da tona mata asiri gaban ƙannenta ba. Bayan sallar isha'i ki zauna kusa da ita a tabarma, ki ce ta nuna miki waɗanda take bi, ki saurara kafin ki yi magana. Sannan ku yi yarjejeniya cewa wayar za ta riƙa kwana a ɗakinki, kuma ki sanar da yayanta domin bakinku ya zama ɗaya.