Likita ya amsa: Tsohonmu ya yi rauni, asibiti ko gida?

Tambaya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Likita, Baba yana da shekara 82. Sau uku ana ba shi gado a bana, kuma duk sallamar da aka yi masa sai ya dawo ya fi da rauni. Mu daina kai shi ne?

Allah ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Kada ku daina, amma abin da ka gani gaskiya ne. Tsoho idan ya kwana biyu a kwance, naman cinyarsa zubewa yake yi da sauri, ga rashin barci a baƙon wuri, ga abincin da bai saba da shi ba. Wanda ya shiga da ƙafarsa sai ya fito ana riƙe da shi.

Muna gane mai rauni da alamu biyar: rama ba dalili, yawan kasala, sanyin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da daina zirga-zirga. Wanda ya haɗa uku, ƙaramin zazzaɓi ma yana iya kayar da shi. Irin wannan bawan Allah, aikin da ake yi masa tsakanin sallama da wata rashin lafiyar shi ne ke hana komawa gado. Shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da tsofaffi a haɗe, kusa da gida.

A aikace, ku zaɓi mutum ɗaya a gidan ya riƙe takardar sallama da littafin lafiyar Baba. Ku kai Baba da takardar asibitin sha-ka-tafi na unguwarku cikin makon farko, jami'in lafiya ya riƙa auna masa hawan jini da suga yana rubutawa a littafin nan. Duk lokacin da za ku Asibitin Koyarwa na Tarayya, littafin ya bi ku. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsoho ya zo da 'ya'ya huɗu, kowa da nasa labarin, ba takarda ko ɗaya.

Kuma kada tausayi ya sa ku hana shi motsi. Ya tashi daga kujera ya zauna sau da dama a yini, ya taka zuwa zaure, in da hali har masallaci. A ba shi ƙwai, wake, kifi da nono, kada a bar shi da kunu zalla. A sa fitila a hanyar bayi.

Tambaya daga Daura: Kakata tana shan magani kala tara, na asibiti, na kemis, da jiƙo. Kullum jiri take ji.

Baiwar Allah, ki zuba su duka a leda ɗaya, har da jiƙon, ki kai wa likita ɗaya ya tace. Sau da yawa magani ɗaya ne da suna biyu. Na hawan jini idan ya yi yawa yana sa jiri lokacin tashi, daga nan sai faɗuwa da karayar ƙugu. Diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon gwiwa suna ɓata ƙoda da ciki. Kada dai ki tsayar da komai da kanki.

Tambaya daga Rafindadi: Tun shekaranjiya Inna ba ta gane mu, tana sambatu. Wasu sun ce rikicin tsufa ne, wasu sun ce iska.

Ku kai ta asibiti yau, kada ku jira gobe. Rikicin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar kwana biyu kuwa yawanci ciwo ne a ɓoye: cutar mafitsara, nimoniya (ciwon huhu), ƙarancin ruwa a jiki, ko faɗuwar suga ga mai shan magani. Tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Ku yi mata addu'a a kan hanya. Idan bakinta ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, ku faɗa wa ma'aikacin farko da kuka tarar, tare da lokacin da abin ya fara.