Ka bar manhaja ta riƙa yi maka zagayen shafukan

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: kullum da safe sai ka buɗe shafuka kusan ashirin kana duba ko an saka sanarwar gurbin karatu ko ɗaukar aiki, data na zurarewa, galibi kuma ka tarar babu wani sabon abu. Ni ma na sha wannan wahalar, RSS ne ya raba ni da ita.

Shafuka da yawa suna da wani ɗan fayil da ke jera sababbin abubuwan da aka wallafa, kowanne da takensa da ranarsa, shi ake kira RSS. Kai dai ka sauke manhajar da ke karanta irin wannan fayil, ka ba ta adireshin shafukan, ita za ta riƙa zagayawa tana kwaso maka. Tamkar ka aiki yaro kasuwa da takardar cefane ne, sai abin da ka rubuta zai kawo. Ba kamar Facebook ba, da shi ke zaɓar abin da zai nuna maka.

Da manhajar Google Reader na fara, har ranar 1 ga Yulin 2013 da suka rufe shi. Abin da ya cece ni shi ne na riga na fitar da jerin shafukana a fayil ɗin OPML, wato fayil ɗin da ake kwashe jerin daga wata manhaja zuwa wata da shi, na ɗauke shi na zuba a manhajar Feedly, cikin minti biyar komai ya dawo. Har yau duk bayan 'yan watanni nakan fitar da shi in tura wa kaina ta imel. Yanzu Feeder nake amfani da ita a Android, kyauta ce, ba ta neman rajista, kuma abin da ta riga ta sauke ana karanta shi ko babu sabis. Mai iPhone ya nemi NetNewsWire. In kana so waya da kwamfuta su tafi tare, to Feedly ko Inoreader.

Gano adireshin fayil ɗin RSS ne ke ba sababbi wuya, don alamarsa mai ruwan lemo ta ɓace a shafuka da yawa, ko Firefox ma ta cire nata tun 2018. Fara da liƙa adireshin shafin a manhajar, sau da yawa da kanta take ganowa. In ta kasa, ƙara /feed a ƙarshensa, yana aiki a shafukan da aka gina da WordPress. Na Blogger kuma /feeds/posts/default ne. BBC Hausa na da nasa, tashoshin YouTube ma haka.

Amma ga inda na yi kuskure, kada ka maimaita. Da zumuɗin farko na zuba jaridu rututu, bayan mako guda na buɗe na ga labarai fiye da dubu ba a karanta ba. Raina ya ɓaci, na yi wata biyu ban leƙa ba. Jarida da ke sakin labari hamsin a rana binne maka sanarwar da kake nema za ta yi. Amfanin RSS na gaske yana wajen shafukan da sai a yi wata ba su ce uffan ba, irin waɗanda kake bibiya. Ka ware musu folda tasu a cikin manhajar, ka kunna musu ƙararrawa su kaɗai. Jaridu biyu sun isa, su ma a wani wurin daban.

Sai abu ɗaya da ya taɓa cin ni. Wata cibiya ta sake fasalin shafinta, tsohon adireshin ya mutu, manhajata ta yi tsit, ni kuma na ɗauka ba su saka komai ba ne. Sai da aka rufe karɓar takardu da kwana huɗu na ji labari a bakin wani abokina. Tun daga nan, duk shafin da ya wuce wata biyu shiru, nakan buɗe shi da hannuna in tabbatar.

In akwai shafin da ya ƙi shiga, turo adireshinsa nan in gwada maka da daddare, in Allah ya kai mu.