An Ce In Biya Jika 350 Kafin In Fara Sana'ar Tallan Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Sabon Gari a nan Damagaram. Na gama lisans ɗina a Jami'ar André Salifou, shekara biyu ke nan ban samu aiki ba. Na iya haɗa hoton talla da Canva, na iya gyaran bidiyo da CapCut, kuma ni nake riƙe da shafin Facebook na shagon kawuna. Wani abokina da muka yi lise tare ya kai ni wani taro, aka ce mana kamfani ne na tallan intanet: in na biya jika 350 aka ba ni kaya aka yi mini rajista, sannan na kawo mutum uku, to kowane mako kuɗi za su riƙa shigo mini. Mahaifiyata ta yarda ta sayar da tumakinta da ɗan kunnenta na zinariya. An ce in ban biya kafin Juma'a ba gurbin zai wuce ni. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada in yi wasa da dama. Shin haka ake shiga wannan sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, kafin komai, ka je wurin mahaifiyarka yau ɗin nan ka ce mata ta bar tumakinta a turke, ta mayar da ɗan kunnenta inda yake. Juma'ar nan za ta zo ta wuce, kuma ina tabbatar maka Juma'a ta gaba gurbin yana nan yana jiranka, domin gurbin da ake sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi ba ya taɓa cika. Wa'adin da suka yanka maka an yi shi ne don kada ka samu sararin yin shawara da kowa.

Tun da hannunka ya riga ya faɗa a kan kayan aikin, ba zan ɓata maka lokaci da bayanin su ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa wannan sana'a dillanci ce. Dillalin da ke kasuwar dabbobi ba ya biyan mai rago ko dala kafin ya kama masa igiya. Yana nemo mai saye, ciniki ya faɗa, sannan a ba shi la'adarsa. Haka mai tallan intanet yake: akwai ɗan kasuwa mai haja, akwai mai saye da yake buƙatar hajar, kai kuma ka haɗa su ta waya, ɗan kasuwar ya biya ka daga ribar da ya samu. Saboda haka duk inda aka gayyace ka da sunan wannan aiki, tambayar da za ka yi guda ɗaya ce: kuɗin da za a riƙa ba ni, daga aljihun wa suke fitowa? In amsar ita ce daga aljihun sabon mutumin da zan kawo, to magana ta ƙare, ko da an rubuta sunan kamfanin da ruwan zinariya.

Wannan ruɗani kusan kullum sai na ci karo da shi, kuma abin da yake ƙona mini rai shi ne masu takardar jami'a ne suka fi faɗawa. Ban halarci taronku ba, amma zan iya faɗa maka yadda ya gudana. An yi hayar wani falo, an jera kujerun roba, samari sun sha kwat da laƙtaye a cikin wannan zafi namu da ko riga ɗaya take yi wa mutum nauyi. An haska hotunan motoci da na wani yana tsaye a Dubai, an yi tafi, wani ya miƙe ya ce wata shida da suka wuce kabu-kabu yake yi. An nuna muku hoton saƙon shigar kuɗi a waya, alhali kai da ka iya Canva ka san ba zai ɗauke ka minti biyar ba ka haɗa irinsa. Wanda ya yi tambaya mai nauyi an ce masa yana da tunanin talauci, an kuma gargaɗe ku kada ku gaya wa dattawan gida, wai ba su fahimci zamani ba.

Za su ce maka akwai kaya na gaske, agogo ne ko maganin ƙarin kuzari ko wasu darussa. To ka gwada wannan: ɗauki agogon ka shiga Kasuwar Dole, ka nemi mutum ɗaya tak wanda zai saye shi a kan farashin da aka sayar maka ba tare da an yi masa alkawarin shiga tsarin ba. Ba za ka samu ba. Kayan an ajiye su ne domin a samu abin nunawa ranar da hukuma ta yi tambaya. Za su kuma ce maka ai kamar adashe ne. A adashe, mutum goma suna zubi, kowa ya kwashi daidai abin da ya zuba, kuma in an zagayo an gama, babu wanda ake bi bashi. A nan kuwa ba a zagayowa, sai dai a yi ta neman sabbin masu zubi har abada. Yi lissafin da kanka: kai ka kawo uku, su kawo tara, taran su kawo 27. A hawa na 10 ana buƙatar mutum 59,049, a hawa na 16 kuwa fiye da miliyan 43, kuma duk al'ummar Nijar, har da jarirai da tsofaffi, ba su kai wannan adadi ba. Ma'ana tun ranar da aka kafa tsarin an san cewa mafi yawan waɗanda suka shiga za su tashi a tutar babu, kuma kuɗinsu ne ribar ƴan tsirarun da ke sama.

Ba sabon abu ba ne. Wani tsari irin wannan mai suna MMM, na Sergei Mavrodi, ya rushe a Rasha a 1994, aka sake buɗe shi a Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kuma kulle asusun mutane a watan Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wani irinsa mai suna CBEX ya tafi da kuɗin jama'a a Najeriyar dai, kuma mu da muke shiga Kano kamar gida mun ji kukan da kunnenmu. Suna kawai ake sauyawa. Yanzu har akwai wanda ake ce wa ka danna alamar so a kan bidiyo a biya ka, kwana biyu na farko a turo maka ƴan kuɗi ka cire ka ji daɗi, sannan a ce sai ka zuba naka kafin ka hau matakin manya. Mafi muni shi ne wanda ake kiran yaro zuwa Ghana ko Kwaddibuwa da sunan an samo masa aiki, ya isa a tara su a gida ɗaya, aikin nasa kuwa shi ne ya riƙa bugo wa ƴan uwa waya yana ƙaryar ya samu wuri, su turo kuɗi ko su taho.

Kuma ka lura da waɗanda za ka kawo. Baƙo ba zai ba ka jika 350 ba. Mutum ukun nan ƙanenka ne, da ɗan gwaggonka, da abokin da kuka tashi tare, wato mutanen da suka yarda da kai saboda sun san gidanku. Ranar da abin ya watse kamfanin ba shi da ƙofa a Birni ko a Zango da za a je a buga. Ƙofar mahaifinka za a zo. Na ga zumuncin da ya mutu a kan wannan, har ƴan uwa ba sa haɗuwa wurin suna. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna da ɓarna, sai dai ta hanyar ciniki bisa yardar juna, kuma yardar da aka samo da ƙarya ba yarda ba ce. Abokin naka ma kada ka ɗauke shi mugu, yawanci shi ma nasa kuɗin yake neman fitarwa, kai ne kuma hanyar.

Yanzu ga sana'ar ta gaskiya, wadda ka riga ka fara ba tare da ka sani ba. Shagon kawunka shi ne makarantarka kuma shi ne shaidarka. Daga yau ka buɗe littafi: ranar kaza na sa hoton kaza, mutum nawa suka yi magana, nawa suka tambayi farashi, nawa suka biya. Ɗan kasuwar Damagaram ba ruwansa da yawan mabiya, abin da yake son ji shi ne turmi nawa aka sayar. In ka yi wata uku kana wannan rubutu, kana da abin da za ka ajiye a gaban wani mai shago, kuma ya fi kowace takardar horo da ake sayar muku a taron kwana biyu. Ilimin da ya rage maka kyauta yake: darussan Meta Blueprint da na Google da na HubSpot suna nan a intanet, da yawansu da Faransanci, kuɗin haɗin intanet kawai za ka kashe.

Ka san kasuwarka. A garin nan ciniki a WhatsApp yake faɗawa, Facebook da TikTok masu kira ne kawai, don haka ka mayar da lambar shagon WhatsApp Business, ka jera kaya da farashinsu, ka sa kowane talla ya kai mutum kai tsaye cikin hira. Da yawa daga masu sayen ba sa karanta Faransanci, wasu ko boko ba sa karantawa, saboda haka muryar daƙiƙa ashirin da Hausa mai daɗi ta fi dogon rubutu aiki. In ka yi amfani da jerin aika saƙo ga jama'a, ka tuna mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu, wanda ke nufin aikinka na farko shi ne ka sa duk wanda ya shigo shago ya ajiye lambar. Ka duba dukawanmu: jakar fatar da suke ɗinkawa tana da masu so a Yamai, amma hotonta da ake ɗauka cikin duhun rumfa ba ya sayar da ita. Ka fito da ita da hantsi, ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka ɗauki gabanta da cikinta da ɗinkin bakin, ka sa hannu a gefe don a gane girmanta. Mai saye ya turo kuɗi ta NITA ko Amana, a kai kayan tashar Rimbo ko wata motar, ka tura masa hoton takardar. Wanda ya iya ɗaure wannan zare daga hoto har zuwa isar kaya, shi ne ake biya.

Tallan da ake biya wa kuɗi a Facebook kada ka yi gaggawarsa. Yana buƙatar katin banki irin Visa, kuma da kuɗin waje ake cira, Yuro ɗaya kuwa sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka lissafin ba shi da wuya. Ka fara da jika ɗaya a rana na kwana biyar, ka taƙaita shi ga gari ɗaya, da kuɗin mai shagon kuma da saninsa. Ladanka ka yanke shi tun farko, ko na wata ko kaso a kan abin da aka sayar, a rubuta a takarda ko da kawunka ne.

Maganar takardu kuwa, kada ka bari ta tsayar da kai, domin na san masu shekara suna yawon ofisoshi da fayil a hammata ba su taɓa sayar da ko allura ba. Mai shagon atamfa ba zai tambaye ka komai ba. Sai ranar da wata ƙungiya ko ma'aikata ta nemi ka yi mata aiki za a buƙaci lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM kafin a biya ka, kuma a lokacin sai ka je reshen majalisar ƴan kasuwa na nan Damagaram ka tambayi abin da ake kawowa, ka biya daga kuɗin da aikin ya riga ya ba ka.