Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan Furotista da Furotozowa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da na ga tambayarki, wai littafi ya ce Faramisiyam, ƙaramar halittar ruwan nan mai ƙwayar halitta ɗaya, Furotista ne, malami kuma ya kafe a kan Furotozowa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Wannan ce ta jawo min kari-oba a aji biyu.

Furotista na rubuta a gwaji, har na kawo tsarin Whittaker na masarautu biyar na 1969. Malamin ya zuga jan biro daga saman shafi har ƙasa. Na bi shi ofis da littafin laburare, na sa yatsa a kan layin, ko kallo bai yi ba. Ya ce in na fi shi sani in zo in karɓi allin, a gaban mutane fa. A baranda na tsaya ina hawaye, littafin rungume a ƙirjina. Har yau in na ga jan biro raina ɓaci yake.

Abin takaicin, duka sunayen suna da asali. Furotozowa na Goldfuss ne tun 1818, lokacin da duk abin da ke motsi ake ce masa dabba. Haeckel ya zo da Furotista a 1866. Yanzu masana ba sa ɗaukar ko ɗaya a matsayin dangin jini, Furotista kwando ne kawai da ake zuba halittu masu nukiliyas (cibiyar ƙwayar halitta) da ba dabba ba, ba tsiro ba, ba naman gwari ba. Amiba, wadda ita ma ke cikin kwandon, ta fi kusa da ni da ke a kan Faramisiyam! Shi kuwa danginsa su Falasmodiyam ne mai kawo maleriya, rukunin Albiyolata.

Ki ba malaminki abin da yake so a takarda, ki riƙe gaskiyar a kanki. Kuma kar ki je ƙorafi ke kaɗai, tafi da wakilin aji.

Masu gashi irin su Faramisiyam, abu biyu za ki riƙe: gashin siliya, wato ƙananan gashin da suke iyo da su, da nukiliyas iri biyu, babba da ƙarami. Mafarautansu ki fara da Didiniyam, kamar 'yar ganga yake, da zoben gashi biyu. Harbin Faramisiyam yake da tsinin bakinsa ya sandarar da shi, ya haɗiye shi ɗungurungum ko da ya fi shi girma. In kina son ganin Faramisiyam da idonki, ki jiƙa busasshiyar ciyawa a ruwan kududdufi kamar mako guda, ki roƙi mai kula da lab ya ba ki maikuroskof.