Sunan da zai zauna a bakin Bahaushe, Balarabe da Bature

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana. Kin ce kina Jidda, dangin mijinki suna Ingila, kina neman sunan annabi wanda ba zai gagari kowa faɗa ba.

Ni dai Yusuf zan ba ki shawara. Balarabe zai kira shi daidai, kakarsa a Kano za ta ce Yusufu, Bature kuma ya san shi da Joseph, don yana cikin Attaura. A Sifen José ne, a Italiya Giuseppe. Adam ma yana da sauƙi, mu dai muna ƙara masa wasali mu ce Adamu.

Dauda kuwa ki yi tunani. Mu ce Dauda, Larabawa su ce Dawud, Turawa David. Suna ɗaya, rubutu uku.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Ɗan yayana Isyaku ne a fasfo, Ishaƙ a takardar haihuwa, sai da muka yi ta zarya kafin aka gyara iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Kafin ranar suna ku zauna da maigidan, ku tsayar da rubutu ɗaya da boko, ɗaya da Larabci, ku riƙe su a ko'ina.